Ina Gyara Ganyen Shayin da Ake Kaiwa Gwaji

Anti, don Allah ki taimake ni. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Goggona da muke kwana ɗaki ɗaya ba ta sani ba. Ni kaina na rasa gane ko laifi na yi ko ba laifi ba ne. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban daɗe da gama firamare ba, kuma a nan na tsaya.

Goggo ƙanwar babana ce, ita ke riƙe da ni. Ita ce mai kula da sito a wani ƙaramin kamfani da ke ƙulla koren shayi a 'yan fakiti. Ganyen yana zuwa a manyan buhuna, a jera su a sito, daga nan a kai wa masu ƙullawa. Goggo ta roƙa aka ɗauke ni ina shara da aike. Ba ni da surutu. Idan babba ya yi mini magana, ƙasa nake kallo, shi ya sa matan wurin suke tsokanata wai an ɗauko musu kurma.

Duk sanda sabon kaya ya zo, ana ɗibar ganye kaɗan a leda a kai bene, ɗakin gwaji. Wata rana mai ɗibar bai zo ba, Manaja ya miƙo mini leda ya ce in cika in kai sama. Iyakar abin da ya ce ke nan. Da na buɗe buhu na ga tsinkaye da ƙura da ɗan yashi a ciki, sai kunya ta kama ni. Ta yaya zan kai wa manya masu fararen riguna abu haka? A gida ko shinkafa ce ba na ɗorawa sai na tsince. Sai na zauna bayan ƙofa na zuba a faifai, na bakace, na tsince, na zaɓi ganye masu kyau. Da na ji da ɗan danshi, sai na shanya a bakin taga ya sha rana tukuna.

Sakamako ya fito da kyau. Manaja ya ce hannuna da albarka, daga ranar aikin ya zama nawa, kuma kullum haka nake gyara ganyen kafin in kai. Matan nan suka canja mini suna zuwa Tsaf-tsaf. Goggo ma aka yaba mata a gaban kowa, wai sitonta ya fi na kowane lokaci. Ranar har da waƙa take yi tana wanke-wanke. Wallahi Anti na ɗauka abin kirki nake yi.

Makon jiya na kai leda sama, na tarar da matar ɗakin gwajin, wadda muke kira Anti Mai Gilashi, tana ciro wani ɗan kasko daga wuta, ganyen da ke ciki ya zama toka. Ban san sanda bakina ya suɓuce na tambaye ta me ya sa take ƙona shayi mai kyau ba. Ta yi dariya ta ce ashe kurmar tana magana. Ta zaunar da ni ta nuna mini. Ta ce idan an ƙona, tokar da ta rage ita ke nuna ko akwai ƙasa da yashi. Ta ce tana auna ganyen, ta busar da shi, ta sake aunawa, don ta san ruwan da ke jikinsa, saboda ganye mai danshi fumfuna yake yi, kuma fumfuna tana iya cutar da mai sha. Sai ta ɗaga ledata ta ce ɗan wannan shi ke ba da shaida a kan buhunan nan gaba ɗaya.

Yashin da take nema ni na bakace shi. Danshin da take nema ni na shanya shi. Na tsaya ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, na ce na gode, na sauko.

Kuma ga abin da ya fi damuna. A kusurwar sito rufi yana yoyo, buhunan wajen suna wani wari kamar tufafin da suka kwana a jiƙe. Goggo ta sha faɗa wa Manaja, yana cewa ai gwaji bai nuna komai ba. Ke nan ni na hana a gyara rufin? Akwai ma ranar da Manaja ya zo wucewa ya gan ni da faifai, ya yi murmushi ya tafi. Shin ya sani ne ya yi shiru, ko ya ɗauka wasa nake? Idan na faɗa, Goggo za a fara kamawa, ita ce mai sito, ita ta kawo ni. Ba ta da kowa sai aikin nan, ni ma ba ni da kowa sai ita. Idan na yi shiru kuma, akwai wani tsoho a layinmu da ke shan wannan shayin kullum don lafiyarsa, yanzu ko gaishe shi ba na iya yi sosai.

Ni mayaudariya ce, alhali ban sani ba? Tsafta ma tana zama laifi?

Jiya aka sake miƙo mini leda. Na bar faifan a inda yake. Na je kusurwa, wajen buhun da ya fi wari, na cika ledar daga ciki, na ɗaure, na kai sama yadda yake. Ban gaya wa kowa ba.

Daga 'yarki, Tsaf-tsaf.

AMSA

'Yata, ki fara kwantar da hankalinki. Ke ba mayaudariya ba ce. An ba ki aiki ba a koya miki ba, kika cike gurbin da tarbiyyar gida. Wanda ya miƙa wa sabuwar yarinya leda bai yi mata bayani ba, shi ya fi ki alhaki. Amma kada in ɓoye miki, rashin sani ya wanke ki har zuwa makon jiya ne kawai. Daga ranar da kika gane, abin ya hau kanki.

Kin yi ƙarfin hali da kika ajiye faifai, na yaba miki. Sai dai ledar jiya ma ba daidai take ba. A da kina zaɓar mafi kyau, jiya kin zaɓi mafi muni, duka biyun zaɓi ne. Abin da mai gwaji take buƙata shi ne a ɗiba daga buhuna daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ba tare da hannu ya fifita wani ba. Yanzu sakamakon zai nuna kamar kayan duk sun lalace.

Nan ne shirunki zai cuci Goggo. Idan mummunan sakamako ya faɗo ba bayani, za a ce shayi ya ɓaci dare ɗaya a hannun mai sito. Idan kuwa aka san yadda ake ɗibar ganyen tun farko, za a ga cewa matar da ta yi ta ƙorafi a kan rufi ita ce mai gaskiya.

Don haka ki gaya wa Goggo yau, kafin sakamako ya fito. Idan baki ya ƙi buɗuwa, ki miƙa mata wannan shafin. Za ta iya yin faɗa, ki jure, faɗan uwa ne. Sannan ku hau bene tare wurin mai gilashi. Matar da ta zaunar da ke ta koya miki ba za ta cinye ki ba, kuma ita ce za ta san abin da ya kamata a sake gwadawa, da abin da za a yi game da kayan da suka riga suka fita. Wannan nauyinta ne, ba naki ba. Manaja kuma kada ki zarge shi a kan murmushi. Ki faɗi abin da hannunki ya yi da abin da idonki ya gani, ki tsaya nan.

Ba zan yi miki alkawarin cewa ba za a ji zafi ba. Ana iya yi wa Goggo faɗa, ana iya karɓe ledar daga hannunki. Amma gara ku shiga ofishin da ƙafarku a kan a aiko kiran ku.

Ki tashi ki same ta, 'yata. Allah Ya buɗe miki baki, Ya sanyaya zuciyar Goggo, Ya rufa muku asiri ku duka.