Iccen Zinariya Ya Farka

Hajiya Biba,

Bai mutu ba! Bayan sallar asuba na leƙa garka, sai ga iccen nan nawa na ƙasar Sin, metasekoya, wanda ya yi wata biyar tsirara kamar sanda, ya fito da 'yan ganyaye masu ruwan zinariya. Sha bakwai ne, sau biyu na ƙirga! Ashe barcin sanyi yake yi.

Don Allah kina tashi ki kira ƙanenki Abakar, kada ya zo da gatarin nan. Kalar ba ciwo ba ce, haka Allah ya halicce shi.

Na hau bis zuwa Villeurbanne in taho da Michel, wanda ya ba ni shi, ya gani da idonsa. Tumatir ɗinki kuwa, ki shuka a wurin kujerata. Ni a tsaye ma zan iya kallonsa.

Ilya