Daminar da Maigida Bai Yi Shuka Ba

Asabar, 24 ga Mayu

Maigida ya dawo daga majalisa jiya, ko abincin kirki bai ci ba. Wai abokan aikinsa na so ya zama kakakin majalisar. Mutumin da ya shiga siyasa don gadar manoma ta karye an rasa mai magana! Zangonsa biyu a majalisar jiha, amma damina ba ta taɓa faɗuwa bai zo ya yi shuka da hannunsa ba. Kakaki kuwa ba ya samun wannan sukunin.

"A'a zan ce musu," in ji shi. "Wa zan bar wa irin Baba?"

Dawar da mahaifinsa ya bari yake nufi. Babu ita a kasuwa. Bara ƙwari sun yi mata ɓarna, abin da ya rage na shuka ɗaya ne. In ta ƙone a ƙasa, shi ke nan.

Litinin, 26 ga Mayu

Na ce ya bar mini shukar. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

"Ke da ko fartanya ba ki riƙewa?"

Na ce duk shekarun da nake kai abinci gona ba a rufe idona yake ba. Sai ya miƙo mini mabuɗin ɗakin ajiya, ya ce zai tsaya takarar. Amana ce. Allah Ka ba ni ikon riƙewa.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ruwan farko. Maigida na can majalisa. Ƙaninsa ya iso da 'yan ƙwadago: "Matarmu, buɗe ɗaki, kowa na shuka."

Na je gonar, na tona da hannu yadda Maigida ke yi. Damshin bai wuce yatsu ba, ƙarƙashi a bushe ƙamas. Na ce ba yau ba.

"Jama'a a watse, kakakin gida ta ɗage zama!" in ji ƙanin nasa.

Suka yi ta dariya. Kunya kamar in nutse. Allah Ya sa ba taurin kai ba ne.

Talata, 3 ga Yuni

Gonakin maƙwabta sun tsiro. Tamu fayau.

Maigida ya bugo waya. Wasu sun fara juya masa baya, wai mai kaushi a ƙafa ba zai iya da kujerar ba. Sai ya ce, "Kun shuka?" Na so in ce e, don hankalinsa ya kwanta. Amma ƙarya ƙarya ce. Na ce a'a.

"Bari in taho."

"In ka taho wani za su zaɓa. Ka zauna."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na yi ta istigfari.

Asabar, 7 ga Yuni

Rana zalla. Tsiron maƙwabta ya fara langaɓewa. Na yi musu addu'a, mu ma na yi mana.

Litinin, 9 ga Yuni

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Damshi har wuyan hannu. Mun shuka. Ƙaninsa kuwa shi ya fi kowa aiki.

Talata, 10 ga Yuni

Sun zaɓe shi. A rediyo na ji. Alhamdu lillahi. Allah Ya kare shi daga haƙƙin mutane.

Asabar, 28 ga Yuni

Ya zo da motoci da 'yan rakiya. Ya bar su bakin hanya, ya tuɓe takalmi ya shiga gona. Dawar ta fito lafiya lau. Ya sunkuya zai rage tsiro a wani rami, sai na ji bakina ya ce, "Bari, wannan layin sai jibi."

Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe hannu. "To," in ji shi. Ya yi murmushi, amma ya daɗe yana kallon gonar kamar baƙo. Ya ba ni tausayi.

Riƙo nake yi masa, ba wani abu ba. Sai dai gefen rafin nan da yake bar wa ciyawa, ina ganin wake zai yi kyau a wurin. Ban faɗa masa ba tukuna.