Na Ajiye Aikin Legas, An Kawo Mini Damin Zakka

Gwaggo Tasalla, don girman Allah ki taimaka mini da shawara. Abin da ke cina ba ni da wanda za ni faɗa wa a garinmu, domin duk wanda na faɗa wa, kafin la'asar maganar ta zagaya ta isa kunnen mahaifina. Ki sakaya sunana. Sunayen da na ambata a nan ma ba na gaskiya ba ne.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Gangara, ƙasar Sabon Birni. Na karanta kwamfuta, Allah ya taimake ni na samu aiki a wani babban kamfanin fasaha a Legas, irin wanda ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san sunansa. Aikina rubuta manhaja. Albashi ba ya latti, asibiti kyauta ni da matata Halimat, ofis kuwa sanyi har sai ka ɗora riga kan riga. A gida sunan Baba ya ɓace, kowa Baban Injiniya yake kiransa, a wurin suna ko ɗaurin aure tabarmar gaba ake shimfiɗa masa. Ba ya nuna yana jin daɗi, amma na san yana ji.

Ni kuwa a can na gaji, gajiyar da ba ta jiki ba. Sai ka shafe watanni kuna taro a kan wani ɗan maɓalli, a matsar da shi dama ko hagu, a ƙarshe wani da ba ka taɓa gani ba ya ce a bar shi inda yake. Ana cikin haka abokina Jamaluddeen, ɗan garin Isa, wanda muka yi makaranta tare, ya kafa wani ɗan ƙaramin kamfani. Manhaja ce da ke aika wa 'yan kasuwa farashin hatsi da murya, da Hausa, daga Sabon Birni da Isa da Burkusuma har kasuwannin da ke ƙetare cikin Nijar. Kin san halin da hanyoyinmu ke ciki. Mutum ya ɗaura buhu a babur, ya sayar da ransa a hanya, ya isa ya tarar farashi ya faɗi. Da Jamaluddeen ya yi mini bayani, na ji karo na farko abin da na karanta zai taɓa wani da na sani. Na ajiye aikina da hannuna, ba wanda ya kore ni, har walimar bankwana aka yi mini. Na buga wa Baba waya na faɗa masa bayan na gama komai. Abin da ya ce kawai, Allah ya sa alheri.

Sabon wurin, mu 'yan kaɗan ne, ofishinmu ɗaki guda ne a Sakkwato. Albashin bai kama ƙafar na da ba, wani watan ma sai an yi haƙuri, an dai yi mini alkawarin kaso a kamfanin in abin ya kankama. Kuma dole wani ya zauna kusa da dillalai da ma'auna, ya saba da su, su yarda su riƙa ba da farashi na gaskiya. Ni ne ɗan ƙasa, ni aka turo. Na kwaso iyalina muka dawo gidan Baba.

To ga yadda mutanen gari ke ganina. Injiniyan Legas ya dawo ba lokacin Salla ba, kuma bai koma ba. Ranar kasuwa yana tsugune gaban ma'auna yana tambayar nawa tiyar gero, nawa ta dawa, ya tashi bai sayi ko ƙwaya ba, ya matsa gaba ya sake tambaya. Sauran ranaku, da yake sabis ba ya kamawa a cikin gari sai layin Nijar, yana hawa tudun bayan gari, ya toshe kunne da wani abu, ya yi ta magana shi kaɗai da Turanci yana wurga hannu. Ni ina taro ne da abokan aiki. Mata masu zuwa rijiya kuma suna kaucewa ta wata hanya suna salati.

Sai aka fara zuwa jaje. Dattawa su zo zaure su zauna, su ce wa Baba ya aka ji da wannan abu, Allah ya mayar da alheri, mutanen Kudu sai haƙuri. Na yi ta bayani har bakina ya bushe, cewa ni na bar aikin da kaina. Duk wanda na faɗa wa sai ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce haka ne, namiji ke nan. Sun ɗauka rufin asiri nake yi wa kaina, domin a wurinsu ba mai hankalin da zai bar irin wannan aiki. Wani malami ma ya aiko mini da rubutu in sha saboda maganar da nake yi a kan tudu.

Duk wannan na shanye. Abin da ya karya ni shi ne na kakar bana. Kin san al'adarmu, in an gama girbi an ɗaure damma, kafin a zuba a rumbu sai an fitar da zakka, a kai wa mabuƙata. Akwai aminin Baba tun ƙuruciya, Baba Yari, mutumin kirki wanda ya taɓa ɗaukata a kafaɗa ina ƙarami. Shi da kansa ya biyo amalanke har ƙofar gidanmu, ya sa aka sauke damman gero a zaure, ya ce zakkarsa ce, ta Injiniya ce da iyalinsa, gwamma a ba na gida. A gaban mutane. Ina tsaye ina jiran Baba ya ce a'a, ya ce yaron nan yana da aikinsa. Sai na ji Baba ya yi godiya, ya sa albarka.

Gwaggo, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da nake aiko wa gidan nan da buhunan shinkafa, yau ni ne a layin masu karɓar zakka. Na shige ɗaki na kasa haɗa ido da Halimat.

Washegari na samu Inna, mahaifiyata, na tambaye ta dalilin da ya sa Baba ya karɓa alhali ya san gaskiya. Da ƙyar ta faɗa mini. Ta ce Baba ya ce kora ƙaddara ce, tana iya faɗa wa kowa, mutane su tausaya. Amma a ce ɗansa ya ajiye irin wannan aiki da hannunsa don ya zo ya tsuguna a kasuwa, wannan wauta ce da butulci, kuma gara a yi masa jaje da a yi masa dariya. Ashe shi kaɗai ne ya yarda da maganata a duk garin, kuma ita ce ba ya son a ji.

Yanzu geron na nan a zaure, ba wanda ya taɓa shi. Ni na san bai halatta gare ni ba, ina da ajiyata, motata ma na nan a Sakkwato. Amma in na mayar wa Baba Yari na ce ni ba mabuƙaci ba ne, na ƙaryata mahaifina a gaban amininsa da duk waɗanda ya karɓi jajensu. In na yi shiru, na ci haƙƙin wani. Ni da Baba gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Kuma ba za ni ɓoye miki ba, watan jiya da albashi ya yi latti, na tsaya na kalli damman nan fiye da yadda ya kamata, sai na ji na tsani kaina.

Tsohon maigidana na Legas ya ce in ina son komawa akwai wuri. Wani lokaci sai in ji kamar in tattara in tafi, a ce an mayar da Injiniya bakin aiki, Baba ya koma tabarmarsa ta gaba, kowa ya huta. Amma ina son aikin da nake yi, kuma Jamaluddeen da ni ya dogara. In koma ne, ko in mayar da geron, ko in ja bakina in yi shiru?

Naki,
Bagobiri mai sunkuyar da kai

*

Ɗana Bagobiri, na karanta wasiƙarka, na yi dariya a wurin tudu, sannan na daina. Ka haɗa abu biyu ka ɗaure su da igiya ɗaya, maganar aiki da maganar gero. Kwance su, kowanne da nasa magani.

Aiki tukuna, don shi ya fi sauƙi. Kada ka koma Legas saboda kunya. Wanda ya koma don a daina kallonsa, bayan 'yan watanni zai fara jin haushin waɗanda ya koma dominsu, kuma mahaifinka ne zai zama na farko. Amma kada ka zauna saboda taurin kai. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa kai labari, komai kyawun niyyar masu su, kuma kana da mata. Ka zauna da Jamaluddeen, a rubuta maganar kason nan a sa hannu, abota ba ta hana wannan. Ku tsayar da lokacin da za ku duba ku gani ko abin yana tafiya. Ka gode wa tsohon maigidanka, ka gaya masa gaskiya, kada ka rufe ƙofar da ƙarfi. Sannan ka tambayi Halimat ra'ayinta. A duk wasiƙarka na ji ka kasa haɗa ido da ita, ban ji inda ka tambaye ta ba, ita da aka kwaso daga Legas aka kawo gidan surukai.

Yanzu Baba. Bai kyauta ba da ya karɓi zakkar, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Amma ka duba ta gefensa. Mutumin da ya san abin da fari ke yi wa gona ba zai taɓa fahimtar a bar abin da ke zuwa duk wata don abin da ake fata ba. Kuma kai da bakinka ka ce ka buga masa waya bayan ka gama komai. Sanarwa ka yi masa, ba shawara ba. Sai ka dawo ka zauna a gidansa, ka bar shi da amsa tambayoyin gari a kan hukuncin da ba a yanke da shi ba. Ya rasa amsa, ya kama wadda mutane suka miƙo masa. Kai kana jin kunya, shi ma ita yake ji, har da ciwon an tsallake shi.

Saboda haka kada ka taɓa geron nan kafin ka shiga wurinsa. Ka same shi shi kaɗai. Kada ka tafi da kwamfuta don ka nuna masa yadda manhaja ke aiki, ba wannan ne ya dame shi ba. Ka durƙusa ka ce ka yi kuskure da ba ka shawarce shi ba, ya yafe maka. In ya fara faɗa, ka bar shi ya yi har ya gama, kada ka kare kanka. Faɗan da ya haɗiye tun ranar wayar nan ne ya koma gaisuwa zalla a tsakaninku.

In ya huce, sai ka kawo maganar zakka, kuma ka kawo ta ta fuskar Baba Yari, ba ta fuskarka ba. Bawan Allah ya fitar da haƙƙin Allah daga gonarsa da zuciya ɗaya, ku kuma kun san ba inda ya dace ta sauka ba. Ku tambayi malamin da Baba ya yarda da shi a kan hukuncin, ni ba malama ba ce. Amma ina kyautata zaton dattijon da ya yi noma duk rayuwarsa ba zai so ya bar amininsa cikin wannan ba, in an tuna masa a hankali.

Sannan ku je gidan Baba Yari tare, Baba a gaba kai a baya, ba ranar kasuwa ba, ba a gaban jama'a ba. Ba sai an ce wani ya yi ƙarya ba. Ya isa a ce an gode, zumunci ya kai inda ake so, amma Injiniya yana da aikin da ke riƙe da shi, Allah ya rufa asiri, a ba ku izini a kai wa wanda ya fi buƙata, shi Baba Yari ya zaɓa. Gari zai yi surutu, wasu za su yi dariyar da Baba ke tsoro. Za su yi su gaji kafin a fara sharar gona.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka ja lokaci. A ƙasarku yau akwai matan da suka baro ƙauyukansu da abin da ke jikinsu kawai, ba su yi shuka ba balle girbi. Ku kuna zagaya damman nan kuna jin nauyin juna, wata kuwa tana ɗora tukunya da ruwa zalla don yaranta su ɗauka ana dafa wani abu. Geron nata ne, a kai mata.

Allah ya sanyaya zuciyar mahaifinka, ya sa albarka a aikinka, ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya.

Gwaggo Tasalla