Gyaran da Aka Hana Ni Aikowa

Yaya Zalihatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata lafiyata lau, sanyi ne kawai.

Manhajar kyauta da na sa miki a ordinatar asibitin Sukukutane, wato kwamfutarku, tana kuskuren ranar rigakafin yara. Na gyara, amma sai ta hannun abokan aikina gyara ke isowa gare ki. Shekara huɗu muna gina ta tare, yau sun rufe mini ƙofa, wai ƙasar da nake karatu tana cikin takunkumi. Haƙuri kawai suka ba ni.

Don Allah ki koma rubutawa a takarda, kada wani yaro ya rasa allurarsa. Gyaran layi uku ne, Yaya. Ga shi gabana, sai kallo.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Abdul'aziz