Motar da Ta Kusa Hallaka Iyalina Ta Koma Kasuwa a Gwarzo

Zuwa ga Alhaji, shugaban dillalan filin motocin hannu inda na sayi mota a birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta kasuwa, da fatan Allah ya ƙara rufa asiri. Sunana Sale, manomi ne ni kuma ina sayar da taki a Lakwaya. Ba ni da ɗabi'ar tona maganar da aka binne, amma sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce min ka yi tafiya, lokaci kuma ya ƙure. Shi ya sa na rubuta a fili. Sunan dillalin da lambar motar suna cikin takardar da na bari wa sakatarenka. Tsoro ne ya sa ni rubutu, Alhaji, kuma ga dalilinsa.

Na ɗaya. Sati ɗaya bayan babbar sallah na sayi mota a hannun ɗaya daga cikin mutanenka, baƙa mai ƙofa huɗu, mai fulogi shida, a kan naira miliyan huɗu da dubu ɗari biyu. Motar iyali nake nema, wadda za ta ɗauki mahaifiyata Inna zuwa asibiti ba sai an ɗora ta a babur ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ƙarfinta ne ya ruɗe ni. Ka ɗan taɓa totur sai ta zabura, bayanka ya manne da kujera. Da na yi mamakin arharta, dillalin ya ce tun da mai ya yi tsada mutane ke gudun manyan injuna, shi ya sa. Maganar ta shiga hankali. Na yi irin gwajin da duk mutanenmu suke yi: muka saurari kukan inji, muka duba hayaƙi, muka ja ta a miƙaƙƙen titi. Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Da na nemi buɗe bonet, sai na tarar abin jan yana can ɓangaren fasinja. Dillalin ya yi dariya ya ce haka Turawa suke ƙera irinta, ni kuwa don kada a ce baƙauye ne sai na bar maganar.

Na biyu. Cikin damina, dawa ta kai kafaɗa, muka tashi da hantsi za mu suna a Gude. Inna tana gaba kusa da ni, maiɗakina da yara uku suna baya. Na tarar da wata a-kori-kura tana jan jiki, na taka na wuce ta cikin ƙiftawar ido, har yara suna tafi. Muna isowa kwana na karya sitiyari, sai ya juya a hannuna fayau, babu nauyi ko kaɗan, kamar na riƙe faifai. Tayoyi ba su bi ni ba. Na danne birki ina salati, motar ta bar titi da gudun nan nata da nake alfahari da shi, ta faɗa gonar mutane tana karya dawa. Laka da kunyoyin gonar ne suka riƙe ta. Da na fito na ƙirga, taku huɗu ne tsakaninmu da gindin wata tsamiya. Inna ta karye a wuyan hannu. Ƙaramar 'yata ta kwana biyu ba ta yi magana ba, kuma har yau in ta ji an tayar da mota sai ta shige ɗaki. Ni kaina in na rufe ido tsamiyar nan nake gani tana tahowa.

Na uku. Wani makanike a Kabo ya kwance ƙarƙashin sitiyarin ya kira ni in gani da idona. Ashe motar asalinta mai tuƙin dama ce. Yanke sandar sitiyarin aka yi, aka mayar da ita hagu, aka haɗa da walda, aka shafa baƙin fenti a kai. Waldar ce ta balle. Bawan Allah nan ya ce in je in yi sadaka. Ya ƙara da cewa mota mai irin wannan ƙarfi, ko walda nawa aka sake mata, wata rana sai ta sake saki.

Na huɗu, kuma a nan nawa laifin yake. Na kai motar filinku a bayan babbar mota. Dattawan fili suka zaunar da mu sulhu kamar yadda kuka saba. Aka karɓi mota, aka dawo min da kuɗina bayan an zaftare dubu ɗari huɗu, aka ce ƙaddara ce, aka roƙe ni in rufa wa ɗan'uwana Musulmi asiri. Na yi alƙawari, aka shafa fatiha, muka yi musabaha. Ni murnar kuɓuta da kuɗina ta rufe min ido, ban tambayi inda motar za ta nufa ba. Wallahi ko sau ɗaya tambayar ba ta zo bakina ba.

Na biyar. Ranar Asabar da ta wuce na shiga Gwarzo karɓo kaya, sai na hango ta a bakin titi kusa da tasha, an wanke ta tana sheƙi, an ɗora mata jarka a kai alamar ta sayarwa ce. Na matsa na duba, ga lotsawar da ƙofar baya ta hagu ta yi a gonar nan an cike ta da fenti, ga abin buɗe bonet a dama. Ita ce. An sake mata walda an kawo ta ƙauye yanzu da kaka, lokacin da manomi yake da kuɗi a aljihu. A gabana wani mutumin ƙauyen Jama'a, Malam Hadi, yana zagaya ta yana shafawa. Ya zo da 'ya'yansa mata huɗu sun jeru a kujerar baya ana gwada ko za ta ɗauke su, suna ta dariya. Yana taka totur a tsaye yana gyaɗa kai, kamar yadda na yi sak.

Na ja shi gefe na faɗa masa komai, har karayar Inna. Ka san halin ciniki a wajenmu. Ya ɗauka ni ma motar nake so, ina ɓata ta ne don ya janye in saya. Mai tsaron motar kuma ya ce hassada ce ke damuna tun da ta fi ƙarfina na mayar. Malam Hadi ya yi murmushi ya dafa kafaɗata, ya ce in yi haƙuri ya riga ni, ran Juma'a zai sayar da masararsa ya zo ya biya. Washegari na bi shi har gida Jama'a, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni fura, amma bai yarda ba. Tun ranar abinci ba ya shiga cikina.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. Ka aika a ɗauke motar nan daga Gwarzo kafin Juma'a. Kai za su ji maganarka, ni ba za su ji ba. A farfasa ta a sayar da kayanta ɗaya-ɗaya, injinta lafiyayye ne, mai ita ba zai tashi a tutar babu ba. Ka sa doka a filinku cewa duk motar da aka juya wa sitiyari sai an faɗa wa mai saye da baki kafin ciniki ya faɗa. Sannan ka gaya wa dattawan da suka yi mana sulhu cewa na karya alƙawarin da na ɗauka a gabansu, ina sane. In da kaffara zan yi. In kuma dubu ɗari huɗun nan ce asarar da ake gudu, na yafe ta har abada, ban neme ta ba.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka da zuriyarka daga mugun ji da mugun gani, ya sa kada ka taɓa riƙe sitiyari ka ji shi babu nauyi alhali mahaifiyarka tana gefenka. Allah ya ba ka ikon yin gaskiya ko da a kan naka ne.

Alhaji, yau Talata. Cikin 'ya'yan Malam Hadi, yarinyar da ta zauna a bakin tagar motar ba ta wuce shekara biyar ba, kuma da ta fito sai da ta tsugunna ta gaishe ni.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale mai taki, Lakwaya.