Baƙon da ya zo da ƙasar Ƙuba

Yaya Ilu, sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman baƙunci? Mu nan Ɗan Gulbi lahiya lau, gero ya yi, sai kewarka shekara shida.

Zauna ka sha labari! Wani baƙo ya sauka gidanmu da ƙullin ƙasa, wai daga Ƙuba ya ɗebo, ƙauyen nan na bakin Madina inda Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya fara sauka da ya yi hijira, ya aza masallacin farko. Wai can ya gan ka, har kun ci akushi guda. Inna da ta bar cin tuwo don tunaninka, ranar sai da ta ƙara. Yanzu karsanarta take son ba shi tukwici.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Da na kai mishi hura na ce, "Malam, hannun Yayana ya warke?" Ya ce, "Wane hannu, ɗiyata? Yatsunshi goma cif." Yaya, ba gabana igiyar guga ta cire maka yatsa ba? Ƙasar ma ja ce, kamar ta bayan rijiyarmu.

Ban gaya wa Inna ba, kada ta koma kwance. Ko karsanar ta tahi, ban damu ba. Amma don Allah, in kana raye, ka shafa tawada ga hannun nan, ka danna ga takarda, ka ba alhazai masu dawowa.

Ka sa mu addu'a a Ƙuba. Gaida abokan tahiyarka.

Ƙanwarka Dije