Farantan da Yayana ya yi wa ɗalibaina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu ko abinci ba ya shiga cikina.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye ta wajen Dawakin Tofa. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya kai ni makaranta har na samu takardar koyarwa. A da sana'ar hatsi yake yi a kasuwar Dawanau, da abubuwa suka yi tsanani jarin ya karye, har ta kai gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Daga baya ya haɗa kai da wani suka samu injin niƙa roba, suna sayen tsofaffin robobi a hannun 'yan jari-bola su narka su yi bokitai.

Bana aka ce gwamnati za ta riƙa sayen kayan da aka sarrafa daga tsohuwar roba, don a rage shara kuma matasa su samu aiki. Allah ya sa Yaya ya samu kwangilar faranti da kofuna na ciyar da ɗalibai, har da makarantarmu. Ranar Inna har guɗa ta yi, ni ma na yi murna wallahi.

Makon jiya na biya wajen aikinsa in gaishe shi, ban taɓa zuwa ba. Ban same shi a gaba ba sai na zaga baya. Ga abin da na tarar a can. Tarin jarkokin maganin feshi na gona, wasu da sauran maganin a ciki, ga robobin ƙarin ruwa na asibiti, da sirinji, da wasu siraran bututai jini ya bushe a cikinsu, har da fo na yara. Ƙudaje kamar a mahauta. Ma'aikata suna tsoma su a rabin duro na baƙin ruwa su watsa cikin inji. A gefe kuma ga farantan nan jajaye an jera suna sheƙi. Nan na durƙusa na yi amai.

Da na yi masa magana sai ya ce wuta tana kashe komai, kuma roba mai tsabta ta yi tsadar da ba zai fita ba. Na tambaye shi ko ba a zo dubawa ba, ya ce jami'in gwamnati ya zo, ko daga mota bai sauko ba. Na ce, "Yaya, za ka zuba wa 'ya'yanka abinci a ciki?" Ya kawar da kai ya ce, "Ke dai albashi ya sa ba ki san yunwa ba."

Na faɗa wa Inna, ta yi ta kuka tana cewa in na tona masa asiri ba ta yafe ba, yanzu ya fara ɗagowa. Maigidana ya ce ba ruwana, ba ni na ba da kwangila ba. Ni ba likita ba ce, ban san ko wutar tana kashe gubar ko ba ta kashewa, amma na san abin da idona ya gani, kuma yaran nan da yawansu wake da shinkafar da ake ba su a makaranta ne abincinsu na yini, har lashe farantin suke yi.

In na kai ƙara na rusa mutumin da ya rufa min asiri, wataƙila ma a kama shi. In na yi shiru ban san me zan ce wa Allah ba. An riga an kawo farantan suna ofishin hedimasta, hedimastan ya ce ranar Litinin ni zan raba wa 'yan aji ɗaya da hannuna. Me zan yi kafin Litinin?